Mata-maza, ɗan daudu da mai neman tsaka-tsaki: abin da ormon ke iya yi wa jiki

1. Gabatarwa

Wannan takarda ta taso ne daga wata matsalar fassara. A rubuce-rubucen likitanci na Faransanci ana cin karo da kalmar *non-binaire*, wato mutumin da ba ya ɗaukar kansa namiji zalla ko mace zalla, wanda wani lokaci yakan nemi likita ya ba shi ormon domin siffarsa ta tsaya tsakanin jinsin biyu. Ɗalibin da aka ce ya mayar da wannan kalma Hausa, in mutumin Matameye ne ko Kance, kalmomi biyu za su fara zo masa a baki: mata-maza da ɗan daudu. Ra'ayinmu shi ne duka biyun ba su dace ba, kuma ba za a gane dalili ba sai an san yadda ormon ke aiki. Mun ɗauki lafazin Faransanci, ormon, saboda shi ma'aikatan lafiya na Nijar suka saba ji.

2. Kalmomin gida

Ɗan daudu namiji ne wanda ke magana da karairaya kamar mata, yana kuma yin sana'ar da aka sani da su, musamman dafa abinci da sayar da shi a tasha ko kasuwa. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990 ya kuma fitar da littafinsa a 2009, ya nuna da yawansu suna da mata da ƴaƴa, kuma suna ɗaukar kansu maza. Ke nan daudanci al'amarin ɗabi'a ne da harshe da sana'a. Ba ya buƙatar a taɓa jiki.

Mata-maza kuwa halitta ce: an haifi jinjiri, an duba gabansa, an kasa cewa namiji ne ko mace. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan da sunan hunsa, kuma Muhtasar na Halil, wanda ake karantawa a zaurukan malaman Damagaram, da wannan mas'ala ya rufe. Ana duba ta inda fitsari ke fita. In ya girma, a duba gemu, ko nono, ko haila, ko maniyyi. In alamu ba su rinjayi wani ɓangare ba, ya zama hunsa mushkili, sai a ba shi rabin gadon namiji da rabin gadon mace. Alal misali, mutum ya rasu ya bar shanu 12 da magada biyu, ɗa namiji da hunsa. Da hunsan namiji ne da ya sami 6, da mace ce da ta sami 4. Sai a haɗa 3 da 2 a ba shi 5, ɗan'uwansa ya kwashi 7.

Abin lura a nan shi ne, gemu da nono da haila, waɗanda malami ke karantawa a matsayin shaidar halitta, su ne ainihin abubuwan da ormon ke fitarwa ko ya ɗauke. Haka kuma burin fiƙihu shi ne a fita daga ruɗani a tsaya ga jinsi guda. A kan haka Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na Makka a 1989, ta yarda a yi wa hunsa magani da ormon ko tiyata don a tabbatar da ɓangaren da ya rinjaya, ta kuma hana wanda halittarsa ta cika ya sauya jinsi. Wanda ake kira *non-binaire* akasin wannan yake nema: yawanci jikinsa ba shi da ruɗani, tsakiyar yake so ya isa ya kuma zauna a can. Shi ya sa muke ba da shawarar a riƙa cewa "mai neman tsaka-tsaki". (Nahawunmu ma bai bar masa wuri ba. Bafaranshe zai ce *tu* ga kowa, Bahaushe kuwa sai ya zaɓi kai ko ke kafin ya gaishe da mutum.)

3. Aikin ormon

Ormon sinadari ne da jiki ke zubawa cikin jini ya kai saƙo ga wata gaɓa. Biyu suka shafe mu: testosteron, wanda aka ware aka kuma harhaɗa a 1935, da estiradiyol. Kowane mutum yana da duka biyun, bambancin na yawa ne, har ma jiki yana mayar da wani kaso na testosteron ya zama estiradiyol.

Wanda aka haifa mace, in an ba shi testosteron, haila takan tsaya cikin wata 2 zuwa 6, murya ta fara kauri cikin shekarar farko, gemu ya ci gaba da cika har shekara 3 zuwa 5. Wanda aka haifa namiji, in an ba shi estiradiyol tare da maganin da ke danne testosteron, nono yakan fara fitowa cikin wata 3 zuwa 6, ya gama cikin shekara 2 zuwa 3, fata ta yi laushi, kitse ya gangara ƙugu. Amma muryar da ta riga ta buɗe ba ta komawa siririya, gemu kuma ba ya ƙaura.

Masu neman tsaka-tsaki sukan bi ɗaya daga hanya biyu: ko su sha kaɗan, ko su sha na ɗan lokaci su daina. A nan ne ake yawan kuskuren fahimta. Rage magani yana rage sauri ne kawai, ba ya ba mutum damar zaɓen alamar da yake so. Ba a cewa testosteron ya kawo murya ya bar gemu, kuma mutum biyu da suka sha daidai wa daida ba sa samun sakamako ɗaya, domin gado na da hannu a ciki. In an daina, kitse da tsoka da laushin fata sukan koma yadda suke, haila ma takan dawo. Kaurin murya da gemu da nono kuwa sun zauna ke nan. An gwada raloksifen don hana nono fitowa, da finasterid don rage sanƙo, amma hujjar amfaninsu ga wannan buƙata ba ta da ƙarfi. Akwai kuma wanda zai ce a danne ormon ɗin duka biyu a huta. Wannan shi ya fi haɗari, domin ƙashi yana buƙatar aƙalla ɗaya daga cikinsu, in babu sai ya zaizaye. Haihuwa tana iya raunana ta kowace hanya aka bi, duk da haka testosteron ba ya hana ɗaukar ciki, yana kuma cutar da tayi. Ƙungiyar WPATH ta likitocin wannan fanni ba ta keɓe wa waɗannan mutane babi a ƙa'idodinta ba sai a bugu na 8, a 2022.

4. Inda abin ya shafi Matameye

Ormon ɗin da mutanen yankin suka sani shi ne na tazarar haihuwa, ƙwaya da allura, irin su Sayana Press da aka fara gwadawa a Nijar a 2014. Matameye kuma tana kan hanyar Ɗan Barto zuwa Daura da Kano, inda magani ke yawo a hannun ƴan talla ba tare da takardar likita ba. Yawancin ƙwayoyin tazara suna ɗauke da etinil-estiradiyol, wanda likitoci suka daina amfani da shi wajen sauya siffa saboda yana sa jini ya daskare a jijiya. Duk wanda ya tara su ya sha da yawa don ya yi laushi ko ya fitar da nono, ransa ya sa a caca.

Wanda ya fi bukatar a gaggauta masa kuwa shi ne jinjirin da aka ce mata-maza ne. Babban abin da ke jawo haka ga ƴa mace shi ne ciwon wata ƴar gaɓa da ke bisa ƙoda: ta kasa yin ormon ɗin kortizol, sai ta yi ta zuba ormon na maza tun jinjirar tana ciki. Ana samun wannan a kusan haihuwa 1 cikin 15,000. Mafi yawan irin waɗannan jarirai gishirin jikinsu yakan zube ta fitsari, su fara amai da ramewa a mako na biyu ko na uku, wato jim kaɗan bayan suna, kuma sukan mutu in ba a ba su idrokortizon da maganin riƙe gishiri ba. Iyayen da kunya ta sa suka ɓoye jinjiri a ɗaka suna jiran ya girma alamu su bayyana, ba lallai ya kai lokacin ba. Abin da ya kamata ungozoma ta yi shi ne ta tura su asibitin gunduma na Matameye tun ranar haihuwa, daga nan a wuce da su Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram.