Kwamfuta da Binciken Zanen Gine-gine: Ina Matsayin Ɗalibin Hausa?

Gabatarwa

Ni Bafulatani ne, haifaffen Yola, a kasuwar Jimeta da makaranta na koyi Hausa. Kwanakin baya wani abokina da ke karatun zanen gine-gine a Jami'ar Modibbo Adama ya nuna mini wani soro da ya zana a kwamfutarsa, ya ce in faɗa masa sunan bakunan da suka sarƙe da juna a rufin. Na yi shiru, ga shi kuwa Hausa nake karantawa. Sai daga baya wani dattijon magini ya ce mini "ɗaurin guga" ake kiransa. Wannan kunya ce ta haifar da wannan maƙala.

Daga Takarda Zuwa Na'ura

A da, mai binciken gini da igiyar awo da fensir yake aiki. Haka Zbigniew Dmochowski, masani ɗan ƙasar Folan, ya auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya, har aka buga aikinsa cikin juzu'i uku a 1990. Zane da kwamfuta kuwa ya samo asali ne daga manhajar Sketchpad da Ivan Sutherland ya ƙirƙiro a Amurka a 1963, sannan AutoCAD ta fito a 1982.

A yau ana amfani da kwamfuta ta hanyoyi uku muhimmai. Ta farko ita ce zane: a fitar da gini mai tsawo da faɗi da zurfi, a juya shi ta kowace fuska tun ba a aza tubali ko ɗaya ba. Ta biyu ita ce gwaji. Duk wanda ya kwana a Jimeta a watan Maris ko Afrilu ya san zafi kan haura digiri 40. Idan aka ba manhaja kaurin bango da irin rufi da inda taga take kallo, za ta lissafa zafin ɗakin awa bayan awa. Ta haka ake gwada dalilin da ya sa soron ƙasa mai kaurin bango ke da sanyi da rana, alhali ɗakin kwano na gasa mai shi: ƙasa tana jinkirta shigar zafi har dare ya yi. Ta uku ita ce adanawa. Na'ura tana harba hasken leza kan bango, ta auna miliyoyin ɗigo-ɗigo, ko a ɗauki ɗaruruwan hotuna, kwamfuta ta haɗa su su zama siffar ginin.

Me Ya Shafe Mu?

A 2019 gobara ta cinye rufin majami'ar Notre-Dame da ke Faris. Awon leza da Andrew Tallon ya yi kafin gobarar yana cikin bayanan da suka rage a hannun masana, an kuma sake buɗe ginin a Disambar 2024. Mu ma a Adamawa muna da Sukur, a ƙaramar hukumar Madagali, wurin farko a Nijeriya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya, a 1999. A 2014 'yan Boko Haram suka kai hari can, suka yi ɓarna har a fadar Hidi. Abin da ba a auna ba kafin ya rushe, sai dai a sake gina shi da ƙiyasi.

To amma na'ura siffa kawai take ɗauka. Ba ta san azara daga giginya ake tsaga ta ba, ko makuba daga ɗorawa ake samun ta, ba ta kuma san bambancin zanko da tulluwa ba. Waɗannan sunaye suna bakin magina, magina kuwa tsufa suke yi, ga bulo da siminti sun karɓe kasuwa. Idan aka adana masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, amma kowane sashe ya ɗauki sunan Ingilishi, an adana gangar jiki ne, an bar ilimin.

Kammalawa

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, mai neman batun kundin digiri ya ɗauki wayarsa ya je wurin tsofaffin magina, ya naɗi sunan kowane sashe na gini da yadda ake yin sa, da Hausa da Fulatanci da sauran harsunanmu, sannan ya haɗa kai da ɗaliban zanen gine-gine. Ni dai na fara, kuma kalmar farko a littafina ita ce ɗaurin guga.