Ɗan ci-rani kullum sabon hannu ne

Da zarar hatsi ya shiga rumbu, sai tashoshin mota a Sakkwato, Maraɗi da Damagaram su cika da samari, kowa da 'yar jakarsa, an nufi Kano, Abuja ko Legas cin rani. Wani ya faɗa leburanci a wurin gini, wani dako, wani ƙwadago a gonakin rani na Kadawa. Damina na kawo jiki a juyo gida. Sai dai akwai mai dawowa babu yatsu biyu, akwai wanda bayansa ba zai sake barinsa ya duƙa da fartanya ba.

A 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta ce yawan raunin da matasa 'yan shekara 15 zuwa 24 ke ji a bakin aiki kan zarce na manya da abin da ya kai kashi 40 cikin 100. Mukan ce rawar kan ƙuruciya ce. Ni ban yarda a tsaya nan ba. Masu binciken lafiyar ma'aikata a Toronto ta Kanada sun gano cewa haɗarin da ma'aikaci ke ciki a watansa na farko ya ninka na wanda ya shekara fiye da sau uku, yaro ne ko babba. Shi kuwa ɗan ci-rani kowace shekara sabo ne: bara gini, bana inji, baɗi feshi.

Je ka tsaya kusa da injin ɓare masara. Bel na juyawa tsirara, an cire murfinsa tuni don kada ya ɓata lokaci. Yaron da ya zo shekaranjiya yana tura masara da hannu, hannun rigarsa na lilo. Injin ya shaƙe, ba wanda ya taɓa gaya masa a kashe kafin a zura hannu. Tambaya kuma yana jin nauyinta, kada a ce baƙauye ne, ko maigida ya sallame shi ga wasu goma na jira a bakin ƙofa. Ga aikin jinga ne, buhu ake ƙirgawa, duk mintin da inji ya tsaya daga aljihunsa ya fita.

A haɗa da zafin Maris da Afrilu da kan wuce digiri 40, da kwanan rumfar kasuwa, da ciki babu komai sai gari. Jikin da ya gaji ba ya kauce wa haɗari da wuri.

Najeriya tana da dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, inda mai ɗaukar aiki ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya. Amma ɗan ci-rani da baki aka ɗauke shi, sunansa ba ya cikin kowane littafi. In ya ji ciwo, a ɗaure masa hannu a kemis, a haɗa masa kuɗin mota, a ce Allah ya kiyaye gaba. Jinyar kuma mahaifiyarsa ce za ta yi ta a ƙauye, daidai lokacin da ake shirin shuka.