Ƙa'idojin Digiri na Biyu a Fannin Kasuwanci a Jami'ar Harvard

Jami'ar Harvard ta Amurka ta buɗe makarantarta ta koyar da gudanar da kasuwanci a shekarar 1908. Karatun digiri na biyu a can shekara 2 ne. A shekarar farko ɗalibi ba shi da zaɓi, sai darussan da aka wajabta wa kowa, kamar lissafin kuɗi da dabarun sayar da kaya. A shekara ta biyu ake sakar masa mara ya zaɓa.

Ana koyarwa ne ta hanyar tattauna matsalolin da kamfanoni suka taɓa fuskanta, kuma a yawancin darussa kusan rabin maki yana fitowa daga abin da ɗalibi ya faɗa a aji. Don haka halarta tilas ce, mai shiru kuwa makinsa yakan yi ƙasa, kome ƙwazonsa a jarrabawa. Hikimar ita ce, manaja sai ya iya kare shawararsa a gaban jama'a.