Idan ɗanki ya ce yana son ƙira: yadda zai fara da kuɗi kaɗan ba tare da ya ji ciwo ba

Uwargida, idan kina da ɗa matashi mai riƙe da waya, wataƙila kin taɓa leƙawa kin ga yana kallon wani yana dukan jan ƙarfe har ya zama wuƙa ko gatari. Irin waɗannan bidiyoyi sun cika YouTube da TikTok. A Amurka ma akwai shirin talabijin mai suna Forged in Fire, wanda aka fara a 2015, inda maƙera ke gasar ƙera wuƙaƙe da takubba. A can ƙira ta zama abin sha'awa da ma'aikacin ofis ke yi a ƙarshen mako, har suna da ƙungiyar maƙera masu fasaha da aka kafa tun 1973.

To ranar da yaron ya zo ya ce miki, "Mama, ina son in gwada," me za ki ce? Idan kika hana shi kai tsaye, akwai yiwuwar ya je bayan gida shi da abokansa su hura wuta a ɓoye, ba tabarau, ba babba a kusa. Idan kuma kika ce "je ka yi" kawai, kin bar shi da wutar da zafinta ke haura digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas. Akwai hanya ta tsakiya, kuma ba ta da tsada.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a wurinmu

Abin da yaron ke kallo a waya, kakanninmu sun daɗe suna yi. A Taruga, kusa da Abuja, masu binciken tarihi sun tono matoyar narka tama da ta haura shekara 2,000. A ƙasar Hausa akwai maƙeran baƙi, masu aikin baƙin ƙarfe kamar fartanya, garma, lauje, gatari da wuƙa, akwai kuma maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, irin su zobe da munduwa. Garuruwa da yawa suna da Sarkin Maƙera da unguwar maƙera, har kiɗansu na dundufa suke da shi. Wani masanin Hausa ɗan Ingila, Philip Jaggar, ya wallafa littafi guda a 1994 a kan maƙeran birnin Kano kaɗai.

Amfanin wannan gare ki shi ne malami yana kusa. Kafin ki kashe ko sisi, ki sa mahaifin yaron ko kawunsa ya kai shi maƙerar da ke unguwarku ko kasuwar garinku, su gaisa da mai maƙerar cikin ladabi, su nemi izinin yaron ya riƙa zuwa ran Asabar ko lokacin hutu. Ƙira sana'ar gado ce, saboda haka wani zai karɓa, wani zai ƙi, kuma ba laifi ba ne idan ya ƙi. Wanda ya karɓa zai fara sa shi zuga wuta da miƙo kaya. Kada yaron ya raina wannan. A wurin zuga ne ido ke koyon launin ƙarfe, kuma a nan za ki gane ko sha'awar ta gaske ce ko ta kwana biyu.

A ra'ayina, yaron da bai kai shekara 14 ba ya tsaya a kallo da zuga tukuna. Wanda ya haura haka kuma, kada ya hura wuta sai da babba a wurin.

Abu huɗu ne kawai ginshiƙin maƙera

Kayan da ake gani a bidiyon Turawa na iya sa mutum ya ɗauka sai mai kuɗi. Amma ƙira abu huɗu take bukata: wuta, abin da za a ɗora ƙarfe a kai, abin duka, da abin riƙewa.

Wuta. Maƙeranmu rami suke yi a ƙasa, su yi ɗan bango na yumɓu, su shigo da iska ta gefe da zuga-zugin fatar akuya. Yaronki ma zai iya yin haka. Rami mai faɗi kamar kwanon tuwo, da bututun baƙin ƙarfe da zai kawo iska zuwa gindin garwashi, sun wadatar. Iskar kuma ta zuga-zugi ce, ko ƙaramar bulowa ta hannu, ko tsohuwar dirayar busar da gashi idan akwai wutar lantarki. A bar yumɓun ya bushe sarai kafin a hura wuta. Kada a yi murhun da bulon siminti ko dutsen da ya jiƙe, domin ruwan da ke ciki yakan zama tururi ya fasa su, ɓarɓashi ya yi tsalle. Makamashi kuwa gawayi ne, kuma maƙera sun fi son na ƙirya saboda ƙarfinsa da daɗewarsa. A farfasa shi ƙanana kamar goro.

Uwar maƙera. Ita ce dunƙulen ƙarfen da ake duka a kai. Sabuwa irin ta Turawa tana da tsada ƙwarai, kuma mai koyo ba ya bukatarta. Kan babbar guduma ta fasa dutse, idan aka kafa shi a cikin kututturen itace, yana aiki sosai. Haka duk wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi da lafiyayyar fuska da za a samu wurin 'yan gwangwan. A kafa shi da kyau yadda ba zai motsa ba. Ki ja kunnen yaron kada ya saye guntun layin dogo a hannun wanda bai sani ba, domin kayan gwamnati ne, zai iya jawo muku magana da hukuma.

Masaba. Guduma mai nauyin giram 800 zuwa kilo 1 ta ishi mai farawa. Samari suna son babba don nuna ƙarfi, amma mai nauyi tana gajiyar da hannu da wuri, ta jawo ciwon gwiwar hannu, kuma hannun da ya gaji shi ke kuskure. A duba ƙotar ta kama gam.

Awartaki. Shi ne abin riƙe ƙarfe mai zafi. A sayi na hannu a wurin maƙeri, wanda bakinsa ya dace da kaurin ƙarfen da za a riƙe. Da farko ma, idan ƙarfen ya kai tsawon kamu biyu, ana iya riƙe ƙarshensa da hannu, domin ƙarfe ba ya saurin kai zafi can nesa. Sai dai a riƙa taɓawa da hankali, a sanyaya wurin riƙon da ruwa.

Bayan waɗannan sai magagari na gyara baki, bokitin ruwa, da bokitin yashi.

Inda bai kamata a yi tsimi ba

Farashi yana canzawa kullum, amma jerin abin da za a fara saya ba ya canzawa. Na farko shi ne tabarau na kariya, fari garau, mai rufe gefen ido. Baƙin gilashin masu walda ya yi duhu da wannan aikin, tabarau na gayu kuma ba ya tare komai. Duk lokacin da aka doki jan ƙarfe, ɓawonsa yana tashi. A wurin aiki nakan ga masu walda da makanikai da ɗan ƙarfe ya maƙale musu a ido, kuma cikin sa'o'i kaɗan yake fara tsatsa a wurin. Idan haka ta faru, kada a murza, kada a sa tsinke ko harshe a ce za a ciro. A wanke da ruwa mai tsabta, idan bai fita ba a rufe idon a tafi asibitin ido a ranar.

Na biyu tufafi. Auduga zalla ko wandon jins, da takalmin fata mai rufe ƙafa. Rigar ƙwallo da duk wani yadi na roba suna narkewa su manne da fata, ƙunarsu ta fi muni. Ban da silifas, ban da babbar riga mai jan hannu. Na uku abin toshe kunne, domin ƙarar da ta haura desibel 85 tana rage ji idan aka daɗe a cikinta, dukan ƙarfe kuwa yana wuce haka, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Ƙarfen da za a taɓa da wanda ba za a taɓa ba

Don koyo, guntayen rodi da ragowar baƙin ƙarfe daga shagon walda sun isa, kuma kusan kyauta ne. Sifirin ɗin tsohuwar mota, wanda maƙera ke yin wuƙa da adda da shi, ya fi tauri, a bar shi sai hannu ya faɗa.

Ga waɗanda ba za su shiga wuta ba ko kaɗan. Duk ƙarfe mai rufin tutiya, wato mai launin toka-toka mai sheƙi kamar kwanon rufi, bututun ruwa da bokitin ƙarfe. Idan ya yi zafi yana fitar da farin hayaƙi, wanda bayan wasu sa'o'i ke kawo zazzaɓi, rawar sanyi, ciwon jiki da tari. Da yawa sukan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Yawanci yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu, amma idan numfashi ya yi wuya a tafi asibiti, a kuma gaya wa likita abin da yaron ya ƙona. Haka nan ƙarfe mai fenti, da duk abin da ya fito daga batirin mota saboda dalma. Sai kuma duk abin da yake a rufe, kamar tukunyar gas, gwangwanin turare ko shokozoba, domin suna fashewa.

A waje kawai

Garwashin gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce ke kashe mutane idan suka kwana da garwashi ko janareta a ɗaki. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Saboda haka maƙerar ta kasance a fili ko ƙarƙashin rumfar da iska ke ratsawa, nesa da zana, tarin kara, janareta da jarkar fetur. Zaure da gareji ba wurinta ba ne. Wanda ya ji ciwon kai ya bar wurin nan take.

Ki kafa doka a kan ƙannensa. Ƙarfe yakan daina ja alhali zafinsa yana sama da digiri 400. A ido baƙi ne kamar kowane ƙarfe, kuma shi ne ke ƙona yaro mai rarrafe da ya zo ɗauka. A ware wuri guda na ajiye abin da ya fito daga wuta, a ja layi a ƙasa da ƙanana ba za su tsallaka ba. In an gama a kashe garwashin da ruwa ko yashi, babba ya duba da idonsa.

Abin da zai fara ƙerawa

Zai ce wuƙa. Ki ce masa tukuna. Ya fara da tsinken gashin nama, ƙugiyar rataye kaya, ko abin tona garwashi. Waɗannan suna koyar da ainihin aikin: tsawaita baki ya yi tsini, faɗaɗawa, lanƙwasawa da murɗawa. Ana duka ne lokacin da ƙarfen yake launin lemu zuwa rawaya. Idan ya koma ja mai duhu a mayar da shi wuta. Hausawa sun ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, kuma a nan maganar a zahiri take, domin dukan ƙarfe mai sanyi yana tsaga shi. Idan kuma ya yi fari yana tartsatsi a cikin wuta, ya ƙone ke nan.

Wuƙa tana bukatar wani mataki. Ana zafafa ta har maganaɗisu ya daina kama ta, abin da ke faruwa wajen digiri 770, a ƙara kaɗan, a tsoma ta a mai, sannan a sake ɗumama ta a hankali don kada ta karye kamar kwalba. Man yakan kama da wuta, shi ya sa ake sa shi a gwangwanin ƙarfe mai murfi, kuma ba a zuba wa wutar mai ruwa, rufewa ake yi. Baƙin man mota da aka juye bai dace ba saboda hayaƙinsa. Wannan mataki a gaban maƙeri za a koye shi.

Idan ƙuna ta faru

Ƙananan ƙuna kusan dole ne a wannan aikin, don haka ki shirya tun yanzu. A sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana zuba har minti 20. Idan ba famfo, a riƙa kwarara da buta. A cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura. Kada a sa ƙanƙara, man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, gishiri ko toka. Suna riƙe zafi ko su kawo ƙwayoyin cuta, kuma sai mun kankare su kafin mu ga ciwon, abin da ke ƙara wa yaro azaba. Kada a fasa bororon. A rufe da ƙyalle mai tsabta marar gashi.

A tafi asibiti idan ƙunar ta fi tafin hannun yaron girma, ko tana fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko wurin ya yi fari ko baƙi kuma ba ya zafi, domin wannan alamar ta yi zurfi ce. Ki kuma duba katin rigakafinsa. Allurar da ake yi wa jarirai a mako 6, 10 da 14 tana ɗauke da kariyar tetanus, wato ciwon sarƙewar haƙora, amma ƙarfinta yana raguwa da shekaru. Wanda zai riƙa tona tsoffin ƙarafa yana bukatar ƙari, don haka ki kai shi cibiyar lafiya mafi kusa tun kafin ya fara.

Yarjejeniyar da za ku yi

Ki zaunar da shi da mahaifinsa ku yi sharaɗi a fili: wata uku yana zuwa wurin maƙeri kafin a kafa komai a gida, tabarau kafin guduma, ba wuta sai da babba, ba a fita da abin da aka ƙera mai kaifi, kuma karatu yana gaba. Idan ya karya ɗaya, a rufe maƙerar na wani lokaci. Idan ya kiyaye, ki zama mai saye ta farko. Ki ba shi aikin ƙugiyoyin rataye ludayi a kicin, ki biya shi kamar yadda za ki biya a kasuwa, kuɗin kuma su tafi ga buhun gawayi na gaba.