Ambaliyar Kogin Kaduna da Fatawar Kotun Duniya

Duk lokacin da damina ta yi nisa, mazauna Nasarawa da Barnawa da Unguwar Romi a birnin Kaduna ba sa barci da ido biyu, saboda kogin Kaduna da rafukan da ke zuba cikinsa. Idan ruwa ya ci gidaje, sai a zo jaje, a raba shinkafa da tabarmi, a watse. Amma a dokar ƙasa da ƙasa maganar ta wuce ta tausayi, ta koma ta haƙƙi da wanda zai biya shi.

Ranar 23 ga Yuli, 2025, Kotun Duniya da ke birnin Hague ta ba da fatawar da Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya nema a 2023 bisa jagorancin Vanuatu, ƙasar tsibirai da teku ke neman cinyewa. Alƙalan baki ɗaya suka ce kare yanayi daga hayaƙi mai ɗumama duniya wajibi ne a kan kowace ƙasa, ko tana cikin Yarjejeniyar Paris ta 2015 ko ba ta ciki, kuma wadda ta yi sakaci har aka tabbatar ta cutar da wata za a iya bin ta diyya. Wannan ya ƙarfafa hujjar Afirka, wadda hayaƙinta bai wuce kashi 4 cikin 100 na duniya ba, alhali ambaliyar 2022 kaɗai ta hallaka mutum fiye da 600 a Nijeriya.

Wasu za su ce fatawa ba ta tilasta wa kowa. Haka ne, amma dokokin da ta fayyace suna tilastawa, kuma lauyoyi za su riƙa kafa hujja da ita a kotunan cikin gida. Wasu kuma za su ce ambaliyar Kaduna daga toshewar magudanai da gini a bakin kogi take, ina ruwan Turai da Amurka? Akwai gaskiya a nan, sai dai ruwa mai sauka da yawa lokaci guda, wanda ɗumamar yanayi ke ƙara yawaita shi, ya fi ɓarna inda hanyarsa ta toshe. Laifin biyu ne, kuma dokar ba ta ƙyale kowa ba.

Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Paris a 2017, ta kafa Dokar Sauyin Yanayi a 2021, kuma sashe na 24 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan'adam, wadda ta zama dokar ƙasarmu, ya ba jama'a haƙƙin muhalli mai kyau. Tun 2005 Babbar Kotun Tarayya a birnin Benin ta ce ƙona iskar gas take haƙƙin rayuwa ne, amma har yau ana ƙonawa a Neja Delta. Gwamnatin da ke bin ƙasashe masu arziki bashin yanayi, ita ma mutanen birnin Kaduna suna bin ta bashin magudanai, da gargaɗi kafin kogi ya cika, da hana yanka filaye a hanyar ruwa. Ba za ta yi ƙarfin baki a Hague ba sai ta fara biya a Nasarawa.