Gaskiya ko Jita-jita: Lauyan Banki Ba Ya Faɗuwa a Kotu?

A Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ya sa ake noma rani da damina, shinkafa da tumatir ba sa kaiwa kasuwa sai da bashi: na taki, na iri, na leburori. Inda bashi ya shiga, jingina na biye da shi. Shi ya sa a majalisa za ka ji ana cewa: "Wa ya isa ya ja da banki? Lauyansu ba ya faɗuwa."

Jita-jita ce. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci tsakanin bankin Savannah da wani mai suna Ajilo, wanda ya jinginar da kadararsa a Legas. Bankin ya tashi sayarwa, kotu ta ce jinginar ba ta inganta ba, domin ba a samu amincewar gwamna ba kamar yadda sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya tanada. Banki da lauyoyinsa suka sha ƙasa. Amma kada wani ya ɗauki wannan a matsayin laya. Rushewar jingina ba ta goge bashi, kuma a 1995, a shari'ar kamfanin Awojugbagbe, wannan kotun dai ta yarda cewa amincewar da ta zo bayan an sa hannu tana iya wadatarwa.

Akwai kuma masu cewa banki ba zai taɓa gida ko fili ba sai alƙali ya ba shi izini. Wannan jita-jitar ce ta fi cin mutane. Idan takardar jinginar ta ba banki ikon sayarwa, wa'adi ya cika, an kuma aiko maka da sanarwa, yana iya yin gwanjo ba tare da ya taka ƙofar kotu ba. Lauyan banki ba tsafi yake yi ba. Takardar da ka dangwala wa yatsa kana sauri don kada lokacin dashe ya wuce, ita yake karanta wa alƙali.

Jinginar gona tsakanin maƙwabta fa, in ta daɗe takan zama saye? A'a. A dokar gargajiya da kotuna suka amince da ita, mai gona ko magadansa na iya fansarta ko bayan shekaru masu yawa. Matsalar dai shaidu: dattawan da aka yi jinginar a gabansu sukan riga shari'ar tafiya.

Shi kansa lauya ana ƙararsa. In ya ci amanarka, akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi da ke iya soke sunansa daga rajista.

Manomi, kafin ka miƙa takardar filinka, ka nemi lauyanka, ba na banki ba, ya karanta maka ita da Hausa layi-layi, kuma ka karɓi kwafinka.