Baƙon Tsiro a Filayen Kiwo na Yammacin Amurka

Daga cikin tsirran da suka mamaye busassun filayen kiwo na yammacin Amurka da Kanada akwai wanda masana ke kira Centaurea diffusa, ɗan dangin shuwaka da latas, wanda asalinsa daga Turkiyya da yankin Balkan da Yukren da kudancin Rasha yake. An fara ganinsa a jihar Washington a shekarar 1907 cikin wata gonar alfalfa, wato ciyawar da ake nomawa domin harawar dabbobi, kuma ana kyautata zaton ya shigo ne a cakuɗe da irin shuka.

A shekararsa ta farko tsiron yakan kwanta a ƙasa yana zura doguwar saiwa, a ta biyu kuma ya miƙe ya yi furanni masu ƙaya, ya zuba dubban 'ya'ya. Idan ya bushe sai ya karye daga gindi, iska ta riƙa mirgina shi yana watsa iri a duk inda ya bi. Shanu ba sa cinsa saboda ɗaci da ƙaya, don haka sukan cinye ciyawar da ke gefensa su bar masa fili, shi ya sa ya fi yaɗuwa inda kiwo ya yi yawa har ƙasa ta tsiraita.

Da yake feshin magani a kan faɗin ƙasa irin wannan ya fi ƙarfin aljihun masu kiwo, sai aka koma neman ƙwarin da ke cin tsiron a ƙasashensa na asali. A farkon shekarun 1970 an saki wasu ƙudaje na jinsin Urophora a lardin British Columbia, kuma tsutsotsinsu sun rage yawan iri ƙwarai, amma tsiron bai ragu ba, domin ɗan abin da ya tsira ya isa ya sake cike filin. Sauƙi bai samu ba sai bayan da aka kawo ƙwaron Larinus minutus daga Girka a 1991, wanda tsutsarsa ke cin iri, babbansa kuma ya ci ganye da ɓawon kara har tsiron ya mutu, musamman a shekarar fari.

Abin damuwa shi ne, a wurare da dama gurbin da tsiron ya bari bai koma ga ciyawar ƙasar ba, wata baƙuwar ce mai suna Bromus tectorum ta gaje shi, wadda ke bushewa da wuri ta kuma rura gobarar daji.